Loretta Vasek da Kujera ta Arba'in da Uku

Loretta Vasek ta iya ƙirga tun kafin ta iya ɗaura igiyar takalmi. Mahaifinta yana da gidan burodi a wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Texas, inda yake gasa kolache, ɗan burodin nan mai laushi da ake cusa wa 'ya'yan itace a tsakiya. Tana 'yar shekara shida ita ce mai jera su sha biyu-sha biyu a kwali, kuma ba a taɓa kama ta da sha ɗaya ba. A sakandare ta zo ta uku cikin ɗalibai talatin da ɗaya. Ba wanda ya gaya mata cewa zuwa ta ukun nan zai iya kai ta wani wuri. Aka tafa mata, aka ba ta littafin addu'o'i, washegari ta koma kan kwalayenta. Wannan abu ya tsaya mata a rai shekara talatin cur.

Yanzu shekararta ashirin da biyu a teburin karɓar baƙi na wani likitan haƙori a gefen Dallas, tana yanka yini gunduwa-gunduwa, minti sha biyar-sha biyar. Cire haƙori gunduwa uku ne, wanke haƙora biyu, kukan yaro ɗaya. Mijinta Wendell mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, mutumin da ko agogo ba ya ɗaurawa. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Marnie, sai duk ƙirgar Loretta ta tattaru ta sauka a kan yarinyar nan.

Kowa a unguwarmu ya san dokar babbar jami'ar jiha: duk ɗalibin da ya faɗa cikin kashi shida cikin ɗari na saman ajinsa, kujerarsa tana nan, ba roƙo, ba jiran tsammani. Sauran kuwa sai su cika fom su shiga tururuwar dubban mutane su yi ta addu'a. Loretta ba ta yarda da tururuwa ba. Kujerar nan take so wa 'yarta, kuma a ƙarshen aji goma Marnie ce ta hamsin da ɗaya cikin ɗalibai ɗari bakwai da 'yan kai. Ana buƙatar ta sauko wajen arba'in da biyu ko da uku.

A jikin firij akwai takarda mai layi-layi da ta raba wa Marnie mako guda, awa ɗari da sittin da takwas, ba a bar ko ɗaya tana yawo ba. Barci arba'in da tara. Makaranta arba'in. Aikin gida ashirin da takwas. Ƙungiyar muhawara shida. Gidan tsofaffi awa biyu ranar Asabar, inda take karanta wa wata tsohuwa kurma jarida don a sa mata hannu a takarda. Cin abinci biyar da rabi. Hira da Baba minti ashirin, ranar Lahadi bayan coci. Sai kuma badujalar makaranta, awa goma sha huɗu, domin Marnie ce mai busa babban ƙahon tagullan nan da ake rataya wa a kafaɗa, wanda ya fi ta faɗi. A duk takardar nan, layin badujala ne kaɗai Marnie ta rubuta da hannunta.

Wata ranar Asabar da hantsi, Loretta ta baje takardun sakamako a teburin kicin, ta yi ta danna na'urar lissafi. Ta sake dannawa. Ta ɗago kai.

"Wendell, zo ka ga ɓarawon da ke cikin gidan nan."

Ya leƙo da kofin kofi a hannu. "Uwar lissafi, yau kuma wa aka kama?"

"Ƙahon nan. Duba. Darasi mai nauyi, irin na matakin jami'a, in yaro ya cinye shi tas maki biyar ake ba shi. Darasi na kowa-da-kowa, maki huɗu. Badujala na kowa-da-kowa ne. Matsakaicin makin Marnie huɗu ne da ɗigo shida. Ka ga duk zangon da ta ci badujala tas, ƙasa yake jan ta."

"Tsaya. Ta ci, kuma ta faɗi?"

"Ta ci ta faɗi. Da barci ta yi a wannan awar, da ta fi haka maki."

"To ai sai a sa mata barcin," in ji Wendell. "Ni ma a sa ni."

Loretta ba ta yi dariya ba. Ta kira Marnie, ta nuna mata lissafin baƙi da fari: in ta ajiye ƙaho ta ɗauki darasin ƙididdiga mai maki biyar, nan da shekara guda za ta sauko ta talatin da takwas. Ga kuma awa goma sha huɗu ta dawo gida.

"Mama, malam ya ce baɗi ni zan shugabanci masu ƙaho."

"Su nawa ne?"

"Shida."

"Shugabar mutum shida. Ke, jami'ar nan mutum dubu hamsin ne a cikinta. Ƙaho ba ya gudu, 'yar nan. Ki shiga tukuna, ki busa har kunnen kowa ya toshe."

Marnie ta dubi mahaifinta. Wendell ya dubi cikin kofinsa kamar an rubuta masa wani abu a ƙasa. Ranar Litinin yarinya ta mayar wa makaranta ƙahonta, ta dawo gida ta ɗauki biro ta soke layin nan da kanta.

Da Loretta ta tsaya nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma akwai abin da mai lissafi ba ya iya haɗiyewa, wato ya gano abu shi kaɗai kuma ba wanda ya sani. Sati biyu tana daurewa. A sati na uku, a taron iyaye mata na makaranta, Candace Pruitt, wadda ɗanta Colby yake na arba'in da tara, ta matso kusa da ita da murmushin nan nata mai haƙora da yawa.

"Maman Marnie, ban ga 'yarki a fili cikin 'yan badujala ranar Juma'a ba. Ko karatun ne ya fara fin ƙarfinta? Allah Sarki. Ba kowane yaro ne ke iya haɗa biyu ba."

Nan take Loretta ta jawo takardar goge baki, ta zare biro. Minti huɗu ta yi tana bayani. Kafin ta gama, mata tara sun kewaye teburin, biyu suna ɗaukar takardar hoto da waya. Ta koma gida ranar tana jin kanta kamar farfesa.

Kafin wata ya ƙare, yara goma sha huɗu sun fice daga badujala, da ƙungiyar mawaƙa, da ajin zane. Colby Pruitt, wanda aka ce muryarsa tana sa tsofaffi hawaye a coci, ya koma ajin ƙididdiga ya zauna kujera ɗaya da Marnie. Malamin badujala ya rasa masu ƙaho uku cikin shida, har sai da ya rataya wa wani mai ganga ƙaho don kawai layi ya cika. Kowa ya hau tare, kamar an ɗaga gidan gaba ɗaya. Da sakamakon aji sha ɗaya ya fito, Marnie ba ta talatin da takwas ba ce. Ta arba'in da uku ce. Colby na arba'in da biyu.

Loretta ta nemi izinin gunduwa biyu a wurin aiki ta tafi ofishin Malam Hinojosa, mai ba ɗalibai shawara, wani dattijo mai gemu da ya ga iyaye iri-iri har ya daina mamaki.

"Malam, ta arba'in da uku tana ciki ko tana waje?"

"Ya danganta da yawan 'yan ajin ranar da za mu rufe jerin suna, sha biyar ga Janairu. Yau su ɗari bakwai da ashirin da shida ne. Kashi shida ya ba da arba'in da uku da rabi. Rabin ba ma ƙirga shi. Yau dai tana ciki."

"Yau dai?"

"Kowace shekara kafin Janairu mukan rasa kamar ashirin. Wasu iyayensu su tashi, wasu su gaji su daina zuwa."

Loretta ba ta ko taɓa na'ura ba. A ka ta yi shi, tun kafin ta kai wurin mota: ɗari bakwai da sha bakwai. In ajin ya kai haka, kujeru arba'in da uku ne. In ya gaza da mutum ɗaya, arba'in da biyu. Mutum tara kaɗai take da ikon rasawa. Duk iyayen unguwar nan sama suke kallo, suna leƙen wa ya wuce wa. Loretta ce kaɗai ta gane cewa kujerar 'yarta tana hannun 'yan can ƙasa, waɗanda ba wanda ya san sunansu.

Cikin kwana shida aka kafa ƙungiya mai suna Kowa Ya Gama. A takarda Marnie ce ta kafa ta, abin da ya cike mata layi guda cikin layuka goma na fom ɗin jami'a. A zahiri kuwa Marnie tana da jarrabawa biyar masu nauyi, ba ta ma san ranar taron ƙungiyarta ba. Malam Hinojosa, cikin jin daɗi, ya turo yara ashirin da uku waɗanda ƙafarsu ɗaya tana waje. Wannan karon Loretta ta kama bakinta. Ko Wendell sai da ya yi sati uku kafin ya gano.

"Wai tsaya," ya ce, ganin kwalayen kolache huɗu a kan teburi. "Yaran nan da kike ciyarwa, don Allah ne ko don lissafi?"

"In sun gama makaranta, ina ruwansu da dalilina?"

"Ni dai ban taɓa ganin makiyayin da ya kai ki son garkensa ba."

"Ɗauki kwali biyu ka kai mota, ka rage surutu."

Ƙarfe shida da minti ashirin na kowace safiya take fara buga waya, kira ashirin da uku, kowanne daƙiƙa arba'in. "Tashi, Mama Vasek ce. Ƙafa a ƙasa. In ji ƙarar ruwa." Waɗanda ba su da abin hawa ta kwaso su a motarta mai kujera bakwai, sawu biyu, mil talatin da ɗaya kafin ta isa wurin aiki. Ta san wanda uwarsa ke aikin asuba, ta san wanda ke rainon ƙanne uku, ta san wadda ke ɓuya a bayan gida duk ranar gwajin lissafi. Da ta ji wasu iyali za su koma Oklahoma da 'yan biyunsu, har gida ta same su da kwalin kolache, ta yi awa guda tana kushe Oklahoma, jihar da ba ta taɓa takawa ba. Suka ci kolache, suka gode, suka tashi. Biyu suka tafi a rana ɗaya. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

A jikin firij, ƙarƙashin takardar Marnie, wata ƙaramar takarda ta bayyana mai lamba ɗaya tak. Satumba, 724. Oktoba, 721. Nuwamba, 718. Farkon Disamba wani yaro ya bi kawunsa aikin rijiyar mai, lamba ta tsaya cif a 717. Saura kwana arba'in da ɗaya.

Cikin yaran nan ashirin da uku, wadda ta fi ba ta tsoro ita ce Dezarae Tolliver, 'yar shekara sha tara, wadda ta maimaita aji, take kuma aiki a shagon faci da yamma. Darussa huɗu ake bin ta a baya, kuma bakinta bai da linzami.

"Mama Vasek, ki daina wahalar da man motarki," ta ce tun ranar farko. "Ni da makaranta mun daɗe da rabuwa, takarda ce kawai ba mu sa wa hannu ba."

"Ke, shiga mota. Kin ci mini daƙiƙa hamsin."

Loretta ta ɗauke ta a matsayin aiki na musamman. Ta yi mata rajistar darussan cike giɓi na kan kwamfuta, ta zaunar da ita a teburin kicin duk Asabar daga tara zuwa sha biyu, a kan kujerar da Marnie ke zama. Sai ga shi yarinyar kanta yana ja, ba a dai taɓa zaunar da ita ba ne. Darasin da aka yanka wa sati tara, ta cinye shi a huɗu. Loretta, wadda ba ta iya ganin gurbi a jadawali ta bar shi fanko, tana gama ɗaya sai ta ɗora mata wani. Huɗun baya suka ƙare, ta ɗora mata na gaba. Ta ƙirga awannin yarinyar, ta ƙirga makinta, ta ƙirga kolachen da take ci. Abu ɗaya ne ba ta ƙirga ba: darussa nawa suka rage mata ta gama sakandare ɗungurungum.

Ranar sha tara ga Disamba da la'asar aka buga ƙofa. Dezarae ce, da kayan shagon faci a jikinta, ido jawur, riƙe da wata takarda mai kauri. Tana ganin Loretta ta rungume ta har ta ɗaga ta daga ƙasa.

"Mama, na gama! Malam Hinojosa ya duba ya ce ba abin da ake bi na. Na gama, Mama! Ni! A gidanmu ba wanda ya taɓa riƙe wannan takardar."

"Kin gama... zangon?"

"Makarantar gaba ɗaya! Sun cire sunana yau. Na samu gurbi a makarantar koyon walda, bakwai ga Janairu za mu fara."

Loretta ta dafa bango. "Dezarae, 'yata, gaggawar me kike yi? Ki tsaya zuwa Mayu mana. Ga riga, ga hula, ga hoto. Ga rawar 'yan aji. Ko darasi ɗaya ki ɗauka, na zane, na girki, kowanne."

"Haba Mama, ba ke kika ce duk minti ɗaya da aka zauna banza sata ce ba?"

Ita ta faɗa. Sau goma sha ɗaya ma, in an bi ƙirga. Wendell, da ke tsaye a bayanta, ya fita gareji da sauri, aka ji wani sauti kamar mutum yana tari a cikin tawul.

Washegari tun kafin a buɗe ofis tana bakin ƙofar Malam Hinojosa.

"Malam, ɗari bakwai da sha shida. Kashi shida ya ba da arba'in da biyu da ɗigo casa'in da shida. Abin da ya rage kashi huɗu ne cikin ɗari na mutum guda. Hannun mutum ɗaya, daga kafaɗa zuwa yatsa, kashi biyar ne na nauyinsa, na duba. Hannu ɗaya ma bai cika ba, Malam!"

"Maman Marnie, in kin samo mini hannun da ya yi rajista, zan ƙirga shi."

"Ba wanda zai shigo kafin sha biyar ga wata? Ko ɗan wani da ya dawo daga wani gari?"

"Sai dai mu sa ido. Amma tun da kin zo, albishirinki. Hukumar makaranta ta zaɓe ki Uwar Shekara. Ba a taɓa riƙe yara haka ba tun da na fara aiki a nan."

Ta sa ido kwana ashirin da shida. Duk motar kwasar kaya da ta shigo unguwa sai ta rage gudu ta leƙa ko akwai matashi a ciki. Iyali biyu suka tare, ɗaya da jariri, ɗaya da karnuka uku. Ranar sha biyar ga Janairu aka rufe jeri a kan 716. Colby Pruitt ya samu kujerar ƙarshe. A wannan makon aka kira Loretta gaban taro aka miƙa mata allon yabo na katako, Candace tana layin gaba tana tafi da hannu bibbiyu, har da share ido.

Marnie ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gaban firij ta daɗe tana kallon takardarta, sannan ta ce, "Mama, tun da lissafi ya mutu, maki huɗu zai iya cutar da ni yanzu?"

Ranar Litinin ƙaho ya dawo gidan, ya zauna a kan kujera a falo kamar baƙon da aka taɓa kora.

Safiyar da ta biyo bayan rufe jeri, Loretta ba ta buga wa kowa waya ba. Aiki ya ƙare, garke ya watse. Ta zauna da kofinta tana kallon agogo yana wuce shida da ashirin. Shida da talatin da biyar waya ta yi ƙara.

"Mama Vasek, lafiya kuwa? Ba ki tashe ni ba."

Kafin bakwai saura kwata, kira goma sha ɗaya. Wani ma cewa ya yi yana tsaye a bakin titi tun ɗazu, sanyi zai kashe shi, kuma yau Laraba ce, ranar kolache mai cuku. Wendell ya ɗauko makullin mota ya ajiye mata kusa da allon yabo.

"Uwar Shekara," ya ce, "shekarar ba ta ƙare ba."

Ta ja su har Mayu, mil talatin da ɗaya kullum, tana mita tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta. A watan Maris wasiƙar babbar jami'a ta zo, gajera, mai ladabi, layi biyar. Marnie ta shiga tururuwa kamar kowa, da fom mai badujalar shekara biyu da ƙungiyar da ba ta san ranar taronta ba, kuma ba a ɗauke ta ba. Ta tafi wata ƙaramar jami'a mai nisan mil ɗari da tamanin da bakwai, inda masu ƙaho goma sha biyu ne, kuma ba wanda ya tambaye ta ta nawa ta zo.

Loretta tana nan a teburin likitan haƙori, allon yabo rataye a bayanta inda ba sai ta gan shi ba. Dezarae takan leƙo duk ƙarshen wata da ƙunar walda a hannu, ta rungume ta a gaban marasa lafiya, ta ce wa kowa, "Wannan matar ce ta fitar da ni." Loretta takan ce, "Ni ce," ba ta ƙara komai. In ka tambaye ta yaran nata nawa suka gama, amsar tana bakinta: ashirin da uku ta karɓa, huɗu suka suɓuce, goma sha takwas suka sa riga da hula a watan Mayu.

"Saura ɗaya fa?" in ka ce.

Sai ta gyara biro a kan littafin jadawali, ta dubi agogo.

"Ɗayar ta yi sauri da kwana ashirin da bakwai," in ji ta. "Wa ke biye? Kin makara da minti uku, baiwar Allah."